Na ƙara wa kwamfuresa matsi, wai gudun iskar bai ƙaru ba?

MaiFaci_TashanDukku: Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure. Wata magana ce ta tsaya mini a rai tun jiya, na ce bari in kawo ta gaban masana. Sana'ata faci, ina da kwamfuresa mai tankin lita 100 da take cika har bar 8 (bar ma'aunin matsin iska ne). Akwai 'yar bindigar iska mai siririn baki da muke hure filtar mota da ita. Jiya wata tifa ta zo, filtarta ta sha ƙura kamar daga rami aka tono ta, geji kuma yana kan 3, sai na ce wa yaron shago ya dakata tanki ya cika tukuna don iskar ta fi gudu. Ɗan wana da yake karatun injiniya a Bauchi ya zo hutu, yana zaune kan benci, sai ya ce: "Bappa, ko kan 3 take ko kan 8, gudun iskar a bakin bindigar nan ɗaya ne." Na ce masa shekarata goma sha huɗu ina riƙe da tiyon nan, hannuna ya san bambancin 3 da 8. Ya ce shi ma bai ce babu bambanci ba, amma ba a gudu yake ba. Muna cikin haka aka kira la'asar, kowa ya tashi. To ina bambancin yake in ba a gudu ba? Ya kuma ce zafi ne ke ƙara mata gudu, ba matsi ba. Wannan kam ban gane ba sam.

Walda_Jekadafari: Wa alaikumus salam. Oga, ni ina bayanka. Idan ina yankan ƙarfe mai kauri na ga wuta ba ta ratsawa, ragiletar oksijin nake murɗawa in ƙara, nan take narkakken ƙarfe ya fara tsiyaya ta ƙasa. In gudun bai ƙaru ba me ya ture shi? Karatu daban, aikin hannu daban.

ƊanKumo_NomanRani: Mu ma a fadama haka ne. Ka ƙara wa injin ban ruwa wuta, ruwa ya ƙara nisa. Abin a fili yake.

Injiniya_Bajoga: Malam mai faci, ɗanka ya yi gaskiya, kai ma hannunka bai yi maka ƙarya ba. Ku bari in warware.

Abin da ke tafiyar da iska ta ƙaramin rami shi ne yadda matsin ciki ya rinjayi na waje. Idan rinjayen kaɗan ne, duk ƙarin da ka yi gudu zai ƙaru, kamar yadda kowa ke zato. Amma da zarar matsin ciki ya kai kusan ninki 1.9 na matsin waje, iskar da ke wucewa ta wuri mafi ƙunci a bakin, wanda muke kira maƙogwaro, ta kai gudun sauti. Daga nan ta tsaya. Ka kai tankin bar 8 ko bar 80, a maƙogwaron nan ba za ta wuce gudun sauti ba. Iskar da ke kewaye da mu kusan bar 1 ce, don haka da gejinka ya wuce 0.9, wato wajen psi 13 a ma'aunin iskar taya, ka riga ka shiga wannan hali. Ko tayar mota da kuke sa wa 32, in ka zare allurar bawul, da gudun sauti iskar ke fita har sai tayar ta kusa kwanciya.

Abin da ke ƙaruwa shi ne yawa. Ka tsaya bakin hanyar Bajoga ka kalli tireloli masu ɗauko siminti daga Ashaka suna hawa wata gada da dole kowace ta bi ta da gudu ɗaya. Yau kowace buhu 300 ta ɗauko, gobe 600. Gudu bai sauya ba, amma simintin da ya haye gadar ya ninka. Haka iskarka take: a kan 8 ta fi curewa, kowane cikin cokali nata ya fi nauyi. Shi ya sa take ture ƙurar filta da ƙarfi, shi ya sa hannunka yake ji.

Walda_Jekadafari: Injiniya, to wa ya kafa mata dokar cewa kada ta wuce gudun sauti? Ina ruwan sauti da iskar kwamfuresa?

Malama_Fiziks_Pantami: Tambaya mai kyau, ita ce ma zuciyar maganar. Sauti ba komai ba ne illa ɗan sauyin matsi yana tafiya cikin iska. Ke nan duk wani labari na cewa "matsi ya ragu a can gaba" da gudun sauti yake tafiya, ba shi da wata mota da ta fi wannan. Ka ɗauka mai kwalekwale ne a kogin Gongola da damina yana son haurawa sama, ruwan kuma yana gangarowa daidai da ƙarfin tuƙinsa. Zai wuni yana tuƙi bai gusa ba. Idan iskar maƙogwaro ta kai gudun sauti, saƙon da ke cewa "akwai sarari a waje, ku ƙaro gudu" ba zai iya komawa cikin tanki ba. Ko ka zuƙe iskar waje gaba ɗaya, ta ciki ba ta da labari.

Sannan ƙaramin gyara ga lissafin da za a yi da misalin tirela. Kada a ɗauki lambar geji kai tsaye. Geji yana nuna abin da ya ɗara iskar waje ne, sai an ƙara masa 1 kafin a samu cikakken matsi. Geji 3 cikakkensa 4, geji 8 cikakkensa 9. Don haka iskar da ke fita a kan 8 ta ninka ta kan 3 sau biyu da kwata, ba kusan sau uku ba. Ɗalibaina kullum a nan suke tuntuɓe.

Injiniya_Bajoga: Haka ne Malama, na gode. Kuma nan Gombe muna ɗan tudu, iskar waje ba ta cika bar 1 cif ba, amma ga aikin shago ba wani abin damuwa ba ne.

ƊanKumo_NomanRani: To ruwan fa? Ban ji an amsa mini ba.

Ɗalibi_Yelwa: Yaya na Kumo, ruwa ba ya matsuwa, shi ne bambancin. Lita ɗaya ta ruwa kilo ɗaya ce, ko ka danne ta ko ka sake ta. Saboda haka duk ƙarin turi a gudu yake ƙarewa: ka ninka matsi sau huɗu, gudu ya ninka sau biyu. Ita kuwa iska in ka ninka matsinta, ka ninka nauyinta ma. Ka ƙara masu tura kura, amma ka ƙara mata lodi daidai da su, ina gudu zai fito? Ga shi kuma gudun sauti a cikin ruwa ya kusa mita 1,500 a daƙiƙa, babu injin fadama da zai kai ko kusa da shi.

Dattijo_TudunWada: Ina bin ku a hankali. Ɗana ya taɓa yi mini wannan bayani yana cewa wai bakin ya "shaƙe". Ni dai kalmar ba ta kwanta mini ba. Abin da ya shaƙe ai ba ya fitar da komai. Mutum ya ji an ce nozil ya shaƙe, zai ɗauko waya ya fara tsokana. In da ni ne sai in ce gudu ya ƙure. Kamar mai mashin da ya ƙure maleji, yana tafiya, amma babu sauran ƙari.

Malama_Fiziks_Pantami: Baba, Allah ya ƙara girma. Wallahi "ƙurewa" ta fi. Daga yau ita zan riƙa amfani da ita a aji.

MaiFaci_TashanDukku: Na fara gani. Amma maganar zafin fa? Kwamfuresa in ta daɗe tana aiki kan silindarta ba ya taɓuwa, tiyo ma ɗumi yake yi.

Injiniya_Bajoga: Gudun sauti ba shi da ruwa da matsi, zafin iskar yake bi da kuma irin iskar. Ga lambobi. Da sanyin safiya lokacin hunturu, iskar tanki tana digiri 15, gudu a maƙogwaro wajen mita 310 ne a daƙiƙa. Da azahar ɗin Afrilu, digiri 40, wajen 324. Ka ga ƙarin bai taka kara ya karya ba, domin da ma'aunin Kelvin ake lissafin, wato a ƙara 273, sannan gudun ba lambar kanta yake bi ba, saiwarta yake bi, kamar yadda 2 take saiwar 4. In kana son gudun ya ninka sai ka ninka zafin sau huɗu, daga Kelvin 300 zuwa 1,200, wato sama da digiri 900.

Ga abin da ke ba mutane mamaki: idan matsi bai sauya ba, iska mai zafi ta fi gudu amma wadda ke fita ta fi kaɗan. Zafi yana sa ta saki jiki, ta yi shara-shara. Tsakanin digiri 15 da 40 nauyin iskar da ke fita yana raguwa da kusan kashi 4 cikin ɗari.

MaiGas_Bolari: A nan kam ban yarda ba, Injiniya. Gas nake sayarwa. Silindar da bawul ɗinta ke yoyo, da hunturu sai ka kai kunne kafin ka ji. A watan Maris ko Afrilu kuwa tun daga ƙofar shago kana jin tsiii, wari ya cika wuri. Na taɓa ajiye wata mai kilo 12.5 a bayan shago da niyyar gyarawa washegari, rana ta dake ta, kafin in waiwaye ta ta yi sauƙi sosai a hannu. Zafi yana ƙara fitar gas, da idona na gani.

Injiniya_Bajoga: Ba mu saɓa ba Alhaji. Ka duba, cewa na yi "idan matsi bai sauya ba". A silindarka matsi yana sauyawa, sosai ma. Abin da ke ciki ruwa ne, tururinsa ke sama, kuma zafi ne ke ƙara wa tururin matsi. Furofen zalla a digiri 20 yana wajen bar 8 cikakke, a digiri 40 ya kusa 14. Butan kuwa daga wajen 2 zuwa kusan 4. Gas ɗin girki haɗin su biyun ne. Ka ga ɗan ragin kashi uku ko huɗu da zafi ya kawo, hawan matsi ya shanye shi ya wuce nesa.

Ɗalibi_Yelwa: Ko tankin Bappa mai faci ma, in an kashe inji an rufe shi an bar shi a rana, matsi zai hau da kusan kashi 9 tsakanin 15 da 40, zafi ya rage kashi 4, a ƙarshe fitar ta ƙaru da kusan kashi 4. Maganar Injiniya tana aiki ne inda ragileta ta riƙe matsi wuri ɗaya.

Uwargida_Federal_Lowcost: Ni tambayata ta kicin ce. Murhun gas ɗina ma da gudun sauti yake fitowa? Abin ya ba ni tsoro.

MaiGas_Bolari: Hajiya kwantar da hankalinki. In kina da ragileta a kan silinda, abin da ke isa murhu ɗan kaɗan ne, wajen milibar 30, ko kusa da bar 1 bai kai ba. Abin da zan roƙe ki kawai, kada a ajiye silinda inda rana ke dukanta, kuma ki riƙa shafa ruwan sabulu a mahaɗar tiyo lokaci-lokaci. In kin ga kumfa na tashi, a rufe a kira mai gyara. Kada a gwada da ashana, don Allah.

Malama_Fiziks_Pantami: Amma Hajiya in kina da tukunyar matsi ta dafa wake ko ganda, irin mai kai bar 1 a geji, tururin da ke fita lokacin da take tsuwa ya taɓa ƙurewar da Baba ya raɗa wa suna. Cikinta wajen digiri 120 ne. Shi ya sa ba a kai hannu wurin.

Fenta_BCGA: Tunda an zo maganar kai hannu, bari in faɗi abin da ke damuna. Yaran gareji da yamma sai su ɗauki bindigar iska suna kaɗe ƙurar jikinsu, har da kai da kunne, wani ma ya nufi ɗan uwansa da ita da sunan wasa. Na sha hana nawa. Wani yaro a layinmu tsakuwar ƙarfe ta shige masa ido ta haka, sai da aka kwana biyu ana zaryar asibiti. Yanzu da na ji iskar nan ta haura mita 300 a daƙiƙa, jikina ya ƙara yin sanyi. Iyayen gida, mu sa ido.

Injiniya_Bajoga: Gaskiya ne. A Amurka dokar wuraren aiki ta ce iskar da za a yi shara da ita kada ta kai psi 30 in bakin ya toshe, kuma sai da kariyar ido. Mu a nan da 100 ake wasa.

Walda_Jekadafari: Allah ya kyauta. Amma ku dawo kan tawa. Na yarda yawa ne ke ƙaruwa. Sai dai akwai wani kan yanka da na taɓa aro wurin wani abokin sana'a, raminsa daga ciki ya tsuke, a baki kuma ya ɗan buɗe kamar kakaki. Yana yanka da sauri, layin ya fita siriri tsaf. Shi kuma mene ne sirrinsa?

Ɗalibi_Yelwa: Oga, ka taɓo inda nake so. Ƙurewar a maƙogwaro kaɗai take. Idan bayan maƙogwaron aka buɗa hanyar a hankali, iskar tana ci gaba da kumbura, sai ta wuce gudun sauti. Abin ya juye ke nan: ƙasa da gudun sauti tsukewa ke ƙara gudu, sama da shi buɗewa ke ƙarawa. Wani injiniya ɗan Suwidin, Gustaf de Laval, shi ya fito da irin wannan baki a 1888 don injinsa mai juyawa da tururi, har yau da sunansa ake kiran sa. Shi ne siffar ƙararrawar da ake gani a gindin roka. Ita kanta ƙurewar an lura da ita tun kafin nan, wasu Faransawa biyu, Saint-Venant da Wantzel, sun yi aiki a kanta a 1839.

Kuma a nan matsi yana da tasiri a gudu. Iska mai digiri 27, in bakin an ƙera shi daidai, cikakken matsi 4 zai ba ka wajen mita 440 a daƙiƙa, 9 kuma wajen 530. Amma ko matsin ya kai ina, ba za ta wuce wajen 780 ba, domin ƙarfin da take gudu da shi daga zafin jikinta take cirowa. Shi ya sa masu roka suke neman wuta mai sama da digiri 3,000 da gas marar nauyi. Gudun sauti a hiliyom wajen mita 1,000 ne, a iskarmu 340 da ɗoriya, a kabon dayoksaid bai kai 270 ba.

MaiFaci_TashanDukku: Tsaya ɗana. Ke nan a waje da bakin gudun yana iya ƙaruwa?

Ɗalibi_Yelwa: Ƙwarai Bappa. Ko bindigarka da ba ta da kakaki, iskar tana fitowa da sauran matsi a jikinta, fiye da rabin na tanki kaɗan. Da ta fito sai ta fashe ta kumbura, a ɗan taƙin gaban bakin ta wuce gudun sauti, sannan ta yi karo da iskar waje ta lafa. Wannan na cikin abin da ke sa ƙarar ta yi kaifi a kan 8.

Walda_Jekadafari: To ai ka ji! Ashe Oga bai yi kuskure ba.

Malama_Fiziks_Pantami: Yaron ma bai yi ba, "a bakin bindigar" ya ce. Kuma mafi yawan ƙarfin da ake ji a hannu daga yawan iskar yake, wanda ya ninka fiye da biyu. Ƙarin gudun na waje tsakanin 3 da 8 bai wuce wajen kashi 20 cikin ɗari ba ko a bakin da aka ƙera musamman.

Nas_Gombe: Ina karantawa ina tuna silindar oksijin ta majinyata. Akwai irin ragiletar da ake juya wani faifai mai lamba 1, 2, 3 har 15, lita a minti. Wani mai gyaran kayan asibiti ya buɗe mana ɗaya, ashe ƙananan ramuka ne jere, kowace lamba da raminta, matsin bayansu kuma a tsaye yake wajen bar 4. Ya ce shi ya sa ko tiyon hanci ya ɗan yi tsawo litar ba ta sauyawa. Sai yau na haɗa maganarsa da misalin kwalekwalen Malama.

Injiniya_Bajoga: Daidai. Ƙurewar ce ake amfana da ita a nan. Amma Oga na Jekadafari, kada ka ɗauki wannan hira ka je ka yi ta murɗa ragileta. Kowane kan yanka da matsin da aka ƙera shi a kai. In ka wuce, iskar watsewa take a gaban baki, yankan ya yi faɗi da kaushi, oksijin ɗinka kuma yana tafiya a banza, ga tsadar cikawa. Sannan ɓangaren asitilin, wato gas ɗin da ke ba da wutar, kada ya wuce bar 1, kuma maiko kada ya kusanci ragiletar oksijin.

MaiGas_Bolari: Wani abu kuma. Silinda in ana jan gas da yawa sai gindinta ya yi raɓa, wani lokacin har ƙanƙara. Shi ma gudun sautin ne?

Ɗalibi_Yelwa: A'a Alhaji, wannan ruwan gas ne ke tafasa a ciki yana jan zafi daga ƙarfen. Amma a maƙogwaron nozil ma iska tana sanyi na ɗan lokaci: ta digiri 27 tana sauka har 23 ƙasa da sifiri, sai ta sake ɗumama in ta lafa.

MaiFaci_TashanDukku: Jama'a na gode ƙwarai. Yau da safe kafin motoci su fara zuwa na gwada. Na cika tanki, na kashe inji, na danne bindiga, yaro yana riƙe da agogon waya. Daga 8 zuwa 7 daƙiƙa 22. Daga 4 zuwa 3 daƙiƙa 41. Ke nan a sama iskar ta fi zuba kusan ninki biyu. Na kuma gano mahaɗar tiyona tana yoyo, na ɗaure ta.

Injiniya_Bajoga: Lambobinka sun zauna daidai da lissafi. Yoyon nan kuma kada ka raina shi. Ramin milimita 1 a kan bar 7 yana zubar da sama da lita 60 na iska kowane minti, kuma man janareta ne ke biya.

Walda_Jekadafari: Amma tsakani da Allah gwajin nan yawa ya auna, bai auna gudu ba. Wanda ya ce gudu ne ya ninka shi ma zai ce agogon ya goyi bayansa. Ni sai na ga abin da ya auna gudun kansa a maƙogwaron.

Malama_Fiziks_Pantami: Ka yi gaskiya, agogo kaɗai bai raba gardamar ba. Sai an haɗa da cewa iskar bar 9 ta ninka ta bar 4 nauyi sau biyu da kwata a mazubi ɗaya, wannan kuwa ana iya auna shi da sikeli mai kyau. In nauyin ya ninka haka, fitar ma ta ninka haka, babu abin da ya rage wa gudu.

Walda_Jekadafari: To wa ke da sikelin da zai ɗauki tankin lita 100 ya kuma ga bambancin rabin kilo? Alhaji na Bolari, naka na awon silinda zai iya?

MaiGas_Bolari: Nawa yana nuna har giram 50. In tankin yana rabuwa da injin, ku ɗoro shi a Keke Napep ranar Asabar bayan azahar.